Wuraren Bautar Hindu a Ƙasashen Waje: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancinmu a finafinan Indiya muka fara ganin wurin bautar Hindu: ƙararrawa rataye a ƙofa, fitilar man shanu, mata ɗauke da farantan furanni. Daga nan sai aka ɗauka abin na cikin Indiya ne kaɗai. Alhali kuwa akwai irin waɗannan gine-gine a Landan, da New Jersey, da Durban, da Kuala Lumpur, da Abu Dhabi, har ma da Accra. Amsoshin da ke ƙasa bayani ne na abin da mabiya addinin suke yi, da abin da suka yi imani da shi kamar yadda su da kansu suke faɗa.

Ta yaya mabiya Hindu suka bazu haka a duniya?

Ba tafiya ɗaya ba ce. 'Yan kasuwar Gujarat da Sindh ne suka fara fita, suka zauna a tashoshin jiragen ruwa irin su Maskat, Manama da Zanzibar. Wurin bautar da ke Manama a Bahrain tun 1817 yake.

Tafiya ta biyu ita ce mai ɗaci. Da Birtaniya ta haramta bauta a ƙasashen da take mulka a 1834, masu gonakin rake suka rasa ma'aikata. Sai aka shiga kwaso talakawan Indiya a kan kwantiragin shekara 5, yawancinsu daga Bihar, Uttar Pradesh da ƙasar Tamil. An fara kai su Mauritius a 1834, Guyana a 1838, Trinidad a 1845, Natal ta Afirka ta Kudu a 1860, Suriname a 1873, sai Fiji a 1879. Kafin a dakatar da tsarin a 1917 an kwashi fiye da mutum miliyan ɗaya, kuma mafi yawansu ba su sake ganin gida ba. Mabiya Hindu daga cikin jikokinsu ne yau suka kai kusan rabin mutanen Mauritius da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Guyana.

Ta uku kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ce. Ma'aikatan masaƙu suka nufi Ingila. Likitoci da injiniyoyi suka shiga Amurka bayan ta sassauta dokar shige da fice a 1965. Idi Amin ya kori Indiyawan Uganda a 1972, ya ba su kwana 90. Tamilawan Sri Lanka suka gudu daga yaƙin basasar da ya ɓarke a 1983 zuwa Jamus, Faransa, Suwizalan da Kanada. Kowane rukuni da irin wurin bautar da ya gina, gwargwadon aljihunsa da kuma yankin da ya fito.

Tunda suna bauta a gida, me ya sa sai sun yi gini?

Gaskiya ne, a addinin Hindu gida shi ne tushen bauta. Kusan kowane gida yana da lungu ko ɗan kabad da aka jera hotuna da fitila, kuma babu wata ranar mako da aka wajabta wa kowa ya fito jam'i. A Indiya mutum zai iya shekara bai shiga babban wurin bauta ba, addinin bai kuɓuce masa ba, domin yana jin sa a titi, a kasuwa, a bakin kakarsa.

A ƙasar waje duk wannan babu. Yaro zai tashi a Leicester ko Houston, makarantarsa da abokansa da talabijin ɗinsa babu mai ambaton addinin iyayensa. Tsoron rasa yara shi ne babban abin da ya tayar da iyaye tsaye. Duk wanda ya san yadda Hausawan zango a Kumasi ko Sabo a Ibadan suka fara da masallaci da makarantar allo kafin komai, zai gane wannan ba tare da dogon bayani ba. Shi ya sa wurin bautar Hindu a waje yake ɗaukar ayyukan da bai saba ɗauka a Indiya ba: ajin koyon Gujarati ko Tamil ranar Lahadi, zauren ɗaurin aure, kicin mai ciyar da ɗaruruwa, wurin hirar tsofaffi, wani lokaci har da gwajin hawan jini kyauta. Akwai kuma saƙon da ginin yake isarwa ga gari: mutanen nan sun daina shirin komawa.

Da me ake farawa?

Da abin da aka samu. Falon wani, zauren makaranta da ake haya ranar Lahadi, tsohon sito, ko cocin da masu shi suka daina zuwa. Wurin bautar farko na Birtaniya an buɗe shi ne a Coventry a 1967. Ƙungiyar BAPS ta ɗariƙar Swaminarayan, wadda yau take da shahararren gini a unguwar Neasden ta Landan, a wata tsohuwar coci ta fara a Islington a 1970, daga baya ta koma wani tsohon sito. Wurin bautar Ganesha (abin bautarsu mai kan giwa) na Flushing a birnin New York an gina shi a filin wata tsohuwar cocin Rashawa, aka buɗe a ranar 4 ga Yuli 1977. Na Hamm a Jamus kuwa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan haya aka fara shi a 1989.

Su kuma leburorin rake, da ba su da kuɗi?

Su ne, a ganina, suka fi cancanta a tsaya a kansu. Ba su zo da magina ba, ba su zo da littattafan gini ba. Abin da suka iya shi ne su aza dutse a gindin bishiya, su yi rumfar laka da ciyawa, su kafa sandar gora da jar tuta ko fara a ƙofar gida bayan an yi addu'a. Har yau duk wanda ya bi ƙauyukan Trinidad, Guyana da Suriname zai ga waɗannan tutoci, da suke kira jhandi, a tsakar gidaje.

Labarin da aka fi ji a cikinsu shi ne na Siewdass Sadhu, wani leburan rake a Waterloo da ke Trinidad. A 1947 ya gina ɗan ƙaramin wurin bauta a gefen teku, a filin da yake mallakin kamfanin sukari. Kamfanin ya kai ƙara. Aka ci shi tara, aka ɗaure shi kwana 14, aka rushe ginin a 1952. Da ya fito sai ya ce teku dai ba na kowa ba ne. Ya shiga jigilar duwatsu da yashi da siminti a bokiti, a kan kekensa, yana zubawa a cikin ruwa idan ya janye. Ya cika durom-durom na mai da kankare ya yi tushe da su, har ya samu tsibirin da zai ɗauki gini. Shekaru ya kwashe yana wannan aiki shi kaɗai, ruwa yana cinyewa yana sakewa, mutane suna ce masa mahaukaci. Bayan rasuwarsa igiyar ruwa ta lalata wurin, sai a 1995 gwamnati ta sake gina shi lokacin cika shekara 150 da zuwan Indiyawa ƙasar. Mutum-mutuminsa yana tsaye a bakin hanyar shiga. Ƙasar da ta ɗaure shi ita ce yau take kai baƙi su ga aikinsa.

Ginin yana da ƙa'ida ne, ko kowa yadda ya ga dama?

Yana da ƙa'ida, mai tsauri kuwa, a tsofaffin littattafan harshen Sanskrit da ake kira Shilpa Shastra da Agama. Akwai gidajen da gini ya zama musu gado: iyalan Sompura a Gujarat, da sthapati a ƙasar Tamil. Ana zana filin a murabba'i, a raba shi gida-gida, galibi 64 ko 81. A tsakiya ake yin wani ɗan ɗaki mai duhu, marar taga, inda babban abin bautar zai zauna, kuma hasumiya tana tashi daidai kansa. Yawanci ƙofa tana kallon gabas. Kafin a sa diga a ƙasa sai an yi bautar neman izinin ƙasar, a ranar da masu lissafin taurari suka zaɓa.

Daga nesa ana iya gane daga ina maginan suka fito. Na arewacin Indiya hasumiyarsu mai lanƙwasa ce, tana tsukewa zuwa sama. Na kudu kuwa suna da doguwar hasumiyar ƙofa mai hawa-hawa, cike da siffofi masu launi.

Wahalar ita ce littattafan nan ba su san dusar ƙanƙara ba, ba su san dokar kashe gobara ba, ba su san filin ajiye motoci ba. Dole maginin gado ya zauna da injiniyan gari su daidaita. Hukuma za ta ce sai an ƙara ƙofar gudun gobara, magini ya ce bangon nan ba a huda shi. A Hamm, Bajamushe ne mai zanen gini, Heinz-Rainer Eichhorst, ya bi malamin wurin zuwa kudancin Indiya ya ga yadda abin yake kafin ya zana. Ginin da aka buɗe a 2002, mai hasumiyar ƙofa ta mita 17, a unguwar masana'antu yake, domin nan ne aka ba su izini.

Daga ina ake samun duwatsun da masassaƙan?

Mu ɗauki na Neasden a arewa maso yammacin Landan, wanda aka buɗe a watan Agusta 1995. An zaɓi dutsen farar ƙasa na Bulgeriya don waje, saboda shi ne ya jure gwajin sanyi da ruwan Landan, sai marmara ta Italiya don ciki. Kusan tan 3,000 na farko da tan 2,000 na biyun aka loda a jirgi, ba zuwa Landan ba, zuwa Indiya. A can masassaƙa fiye da 1,500 a Gujarat da Rajasthan suka sassaƙa su guntu-guntu, guda 26,300, kowanne da lambarsa. Aka sake lodo su zuwa Landan aka harhaɗa. Babu rodi a jikin ginin. Dutse ne ke riƙe dutse. Magina suna cewa ƙarfe yana tsatsa cikin shekaru ɗari, su kuma na shekara dubu suke ginawa.

Haka aka yi a Toronto a 2007, haka aka yi a Robbinsville ta New Jersey, inda aka buɗe katafaren wurin bautar Akshardham a watan Oktoba 2023 a fili mai eka 183. A tsibirin Kauai na Hawaii ma akwai wanda aka sassaƙa duwatsunsa da hannu a Bangalore tun daga 1990, ba a kammala tsarkake shi ba sai 2023. Su gumakan kansu, fararen na marmara yawanci daga Jaipur suke zuwa, baƙaƙen kuma daga masassaƙan Mamallapuram a kudu.

Wa ke biyan kuɗin?

Mabiya. Na Neasden ya ci kimanin fam miliyan 12, kuma a cikin hanyoyin tara kuɗin har da tsintar gwangwanayen lemo: yara da manya suka tara fiye da miliyan 7 aka sayar. Akanta da likita da mai shago suka riƙa zuwa bayan tashi daga aiki suna goge dutse da haƙa rami. Wannan aikin sa kai suna kiransa seva, kuma a wurinsu ibada ne. A wasu wuraren iyali kan ɗauki nauyin ginshiƙi ɗaya ko tubali ɗaya a rubuta sunan mahaifinsu. Bayan an buɗe, kuɗin gudanarwa yana fitowa daga akwatin sadaka, kuɗin addu'o'in da ake yi wa mutum da sunansa, da hayar zauren biki. Na Flushing yana da gidan abinci a ƙarƙashin ƙasa wanda ya yi suna a New York, har waɗanda ba ruwansu da addinin suna zuwa cin dosa, wata irin wainar shinkafa.

Ta yaya dutsen da aka sassaƙa yake zama abin bauta a wurinsu?

Wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci ga wanda yake son ya fahimci abin da ke faruwa a ciki. A imaninsu, gunkin da ya iso cikin akwati daga Indiya dutse ne kawai, leburori ma suna iya ɗaga shi da kuranga. Sai an yi masa bikin da suke kira prana pratishtha, wato gayyato abin bautar ya sauka a cikinsa.

Bikin yana ɗaukar kwanaki. Ana kwantar da gunkin a cikin ruwa, sannan a cikin hatsi, wani lokaci a cikin furanni. A wata rumfa ta daban malamai suna zaune gaban ramukan wuta suna zuba man shanu da itace da hatsi, suna karanta Sanskrit daga safe zuwa dare. An jera tulunan tagulla cike da ruwa, an naɗe kowanne da zare, an ɗora masa ganyen mangwaro da kwakwa a baki. A ƙarƙashin inda gunkin zai tsaya ana binne farantin ƙarfe mai zane da duwatsu masu daraja guda 9, a kudu kuma a manne gindinsa da wani haɗin ƙaro da ganyaye. Sai a zo buɗe ido: mai sassaƙa ya ɗauki allurar zinariya ya zana ƙwayar idon, a bayan labule. A ranar ƙarshe malamai su ɗauki tulunan a ka, su hau saman hasumiya ta kan katako, su juye ruwan a kan tulluwar da ke ƙololuwa, jama'a a ƙasa suna miƙa hannu ruwan ya taɓa su. Mutanen kudu suna maimaita wannan juye ruwa duk bayan shekara 12, bayan an yi wa ginin kwaskwarima.

Daga ranar nan nauyi ya hau kan al'umma. Dole kullum a tashe shi da asuba, a yi masa wanka, a sa masa tufafi, a miƙa abinci, a zagaya masa fitila, a rufe ƙofa da dare. Ba hutu, ko ana dusar ƙanƙara. Shi ya sa ƙananan al'ummomi da yawa suke tsayawa a kan hotuna na shekaru, har sai sun tabbata za su iya riƙe malami na dindindin.

Ba kuma duk mabiya Hindu ne suke amfani da gumaka ba. Ƙungiyar Arya Samaj, wadda Dayananda Saraswati ya kafa a 1875, ta ƙi su gaba ɗaya, bautarta a gaban wuta ce da karatun Veda, tsofaffin littattafan addinin. Tana da ƙarfi a Suriname, Guyana, Fiji, Mauritius da Afirka ta Kudu.

Me ya sa ake ganin abubuwan bauta da yawa a ɗaki ɗaya?

A Indiya kowane wuri yana da babban abin bautarsa guda: na Shiva daban, na Vishnu daban. A waje, iyalai ɗari biyu daga jihohi goma ba za su iya gini goma ba. Sai a yi sulhu, kowa a ba nasa gurbi. Daga nan aka samu wurare masu haɗa sunan Shiva da Vishnu a Livermore ta Kalifoniya da Lanham ta Maryland. Sulhun ba kullum yake ɗorewa ba. A Pittsburgh 'yan kudu da 'yan arewa tare suka fara, suka rabu a kan tsarin gini da na bauta. 'Yan kudu suka gina na Venkateswara a Penn Hills a kan samfurin na Tirupati da ke kudancin Indiya, sauran suka yi nasu a Monroeville tare da mabiya addinin Jain. Da zarar jama'a ta yi yawa a gari, sai a koma rarrabuwa bisa harshe da ɗariƙa.

Malaman fa, daga ina suke?

A Amurka da Birtaniya da Ostareliya galibi daga Indiya ake ɗauko su da bizar ma'aikacin addini. Nan ma abu ya juya. A gida malamin gado ne mai faɗa a ji a wurinsa. A waje ma'aikaci ne mai albashi a ƙarƙashin kwamitin likitoci da injiniyoyi. Dole ya koyi tuƙi don zuwa gidaje raɗin suna da tarewa a sabon gida, ya koyi Turanci don amsa wa yaran da ke tambayar ma'anar kowane motsi. A filin ajiye motoci za ka gan shi da faranti yana yi wa sabuwar mota addu'a: ya shafa mata jan gari a gaba, a fasa kwakwa, a ajiye lemon tsami ƙarƙashin kowace taya, mai motar ya taka su ya wuce.

A yankin Karibiyan kuwa, inda kowa ya sauko daga jirgi ɗaya ya shiga gona ɗaya, bambancin asali, wato tsarin Indiya na raba mutane hawa-hawa bisa haihuwa, ya yi rauni. Malamin, wanda suke kira pandit, ɗan gari ne, sau da yawa yana da wani aikin, kuma taron Lahadi da safe ya zama al'ada, da waƙoƙi da wa'azi. A Rush ta jihar New York akwai wurin da ya shahara da barin mata da waɗanda ba Brahmin ba, wato ba 'yan gidan malamai na gado ba, su yi bautar da hannunsu. Bukukuwa ma ana ɗaga su zuwa Asabar ko Lahadi, domin babu mai ba da hutu ranar Talata, kuma ana sake lissafin kalandar wata bisa fitowar rana a garin da ake zaune.

Babu kogin Ganga a can. Yaya suke yi?

Kogi ne mai tsarki a wurinsu, don haka suna ɗebo ruwansa a kwalba, su zuba a ruwan da suka samu. A Mauritius akwai wani tafki a bakin tsohon dutse mai aman wuta, Grand Bassin. A 1897 wani malami ya ce ya yi mafarki ruwansa daga Ganga yake, shekara ta zagayo aka fara tattaki zuwa wurin. A 1972 aka kawo ruwan Ganga aka zuba, aka raɗa masa suna Ganga Talao. Yanzu lokacin bikin Maha Shivaratri dubban ɗaruruwa suke takawa da ƙafa daga ko'ina a tsibirin, sanye da fararen kaya. Mutanen Pittsburgh suna kwatanta mahaɗar kogunan garin da mahaɗar koguna mai tsarki ta Prayag a Indiya. Na Hamm a mashigin jiragen dakon kaya suke wankan ƙarshen bikinsu, a ƙarƙashin gada.

Batun mamaci ya fi wuya. Trinidad ba ta halatta ƙona gawa ba sai 1953, kafin nan leburori binne nasu suke yi ba da son ransu ba. A Turai da Amurka babu tara itace a fili. Babban ɗa yana danna maɓalli ne a gidan ƙona gawa maimakon kunna wuta da hannunsa. Wani dattijo a Ingila, Davender Ghai, ya kai maganar har kotun ɗaukaka ƙara, ya yi nasara a 2010, bisa sharaɗin a yi a cikin gini mai buɗaɗɗen sama. Tokar kuma wasu su aika Indiya, wasu su watsa a kogin Soar kusa da Leicester. A gaɓar Jamaica Bay ta New York, kwakwa da yadudduka da gumakan da ake bari a ruwa sun jawo ƙorafi, har matasan Hindu da kansu suka shiga share wurin suna roƙon iyaye su rage.

Waɗanne bukukuwa ne suka fi fitowa fili?

Thaipusam a kogon Batu kusa da Kuala Lumpur, wanda ake yi tun 1892. Masu cika alwashi suna hawa matakala 272 ɗauke da tulun madara ko firam mai ado a kafaɗa, wasu da tsinken ƙarfe soke a kunci, ga mutum-mutumin Murugan mai tsawon mita 42.7 a ƙofa. Tamilawa a Singafo, Durban, Mauritius da Fiji suna taka garwashi da ƙafa. Diwali a titin Belgrave na Leicester tana cikin mafi girma a wajen Indiya. A Paris duk shekara ana jan keken Ganesha a unguwar La Chapelle, ana fasa tulin kwakwa a kan kwalta.

Ba sa samun matsala da maƙwabta ko hukuma?

Suna samu. Gidan da mawaƙi George Harrison ya ba mabiya ƙungiyar Hare Krishna kusa da Watford a 1973, ƙaramar hukuma ta nemi hana taron jama'a a cikinsa saboda cunkoson motoci a ƙauyen. Shekara 10 ana ja, dubun dubata suka yi maci a Landan a 1994, sai a 1996 aka ba da izini bayan an yarda a yi sabuwar hanya. A Malesiya rushe ƙananan wuraren bauta na tsofaffin gonakin roba yana cikin abin da ya fito da Indiyawa zanga-zanga a Nuwamba 2007. A Fiji an ƙona wasu bayan juyin mulkin 1987.

Akwai kuma matsalar cikin gida, kuma bai kamata ƙyallin marmara ya rufe ta ba. A Mayu 2021 wasu masassaƙa daga Rajasthan, yawancinsu 'yan Dalit, wato waɗanda tsarin asali ya ajiye a ƙasa, suka kai ƙarar masu ginin Robbinsville, suna zargin an sa su aiki na tsawon sa'o'i a kan kusan dala 1.20 a awa. Ƙungiyar ta musanta, ta ce masu aikin sa kai ne na addini, kuma a 2023 wasu daga masu ƙarar suka janye. Ko ma yaya shari'ar ta kasance, tambayar tana nan: wa yake sassaƙa dutsen, nawa yake samu? A Fabrairu 2023 birnin Seattle ya zama na farko a Amurka da ya haramta wariyar asali irin ta Indiya, abin da ya raba kan Indiyawan ƙasar gida biyu.

Akwai su a ƙasashen Musulmi da Afirka ta Yamma?

Akwai. A Dubai an buɗe ƙarami a tsohuwar kasuwa a 1958, aka buɗe sabo a Jebel Ali a 2022. Na Abu Dhabi, wanda aka gina da jan dutsen Rajasthan a fili mai eka 27 da mahukuntan ƙasar suka bayar, Firaministan Indiya Narendra Modi ne ya buɗe shi a ranar 14 ga Fabrairu 2024. Yana da hasumiya 7, adadin masarautun ƙasar. Indiyawa fiye da miliyan 3 ne ke aiki a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

A yankinmu, Indiyawan Legas suna da nasu. Wanda ya bambanta da saura shi ne na unguwar Odorkor a Accra, domin ba baƙi ne suka kafa shi ba. Wani ɗan Ghana ne, Swami Ghanananda, wanda ya je Rishikesh ya yi karatu, ya jagoranci wurin daga 1975 har rasuwarsa a 2016. Yawancin masu zuwa 'yan Ghana ne, Indiyawa kuma suna bin bayansu a bauta.

Wanda ba Hindu ba zai iya shiga ya gani?

A mafi yawan na ƙasashen waje, eh. Na Neasden yana karɓar ɗaliban makarantu rukuni-rukuni, na Abu Dhabi a buɗe yake ga kowa bayan an yi rajista ta intanet. Ana cire takalmi a ƙofa, a sa tufafin da suka rufe kafaɗa da gwiwa, ba a shiga da nama ko taba, kuma galibi ba a ɗaukar hoto a ciki. Ɗan ɗakin tsakiya na malamai ne kaɗai. A wuraren Swaminarayan maza da mata gefe daban suke zama lokacin bauta.

Babu wanda zai tilasta wa baƙo ya rusuna ko ya haɗa hannu. Idan aka zagayo da fitila, ko jan garin goshi, ko ɗan abincin da suke kira prasad, a sani cewa an riga an miƙa shi ga abin bautar kafin a raba. Musulmi ko Kirista da ba ya son karɓa sai ya ɗora hannu a ƙirji ya yi godiya, ya ja baya kaɗan. Masu kula da wuraren sun saba da hakan, za su wuce zuwa na gaba.